Albasa Ta Tona Ni

A Tawa aka yanke mini cibi, ƙasar albasa,
ni da nake yanka ta ido a bushe
tun ina ƴar shekara bakwai.
Ran Lahadi, kasuwa na ci,
motar Galmi ta tsaya tana sauke buhuna,
warin ya bi ni har bayan katangar tasha,
na durƙusa, na mayar da kunun safe.

Na ƙidaya da yatsu. Na sake ƙidayawa.
Alkasum ya ci naman Layya da mu,
ya koma Abija, yau kwana hamsin da ɗaya.

A likita Madan Sa'a ta dubi ɗan tsinken roba,
ta dube ni ta saman tabarau:
"Layi biyu. Ki rage ɗaukar jarka."
Ta ba ni kati da ƙwayoyin ƙarin jini.
Na naɗe su a tsohon kallabi,
na tura ƙarƙashin kwanonin aure
waɗanda ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba.

Ba zan faɗa ba.
Bara na yi saurin baki,
wata uku bai cika ba aka wanke tabarma da dare,
kowa ya ce mini sannu yana kallon ƙasa.
Bana zan tafi da shi a hankali
kamar mai ƙwaryar nono a cunkoson kasuwa.

Ashe gidanmu ba shi da murfi.

Inna Tabawa, uwar Alkasum,
wadda ke cewa miya ba albasa ruwan wanki ce,
ran Talata ta ɗora tukunya biyu.
Ƙaramar ba albasa, sai tsamiya har da wuce kima.
Ta dire ta gabana tana faɗa da akuya.
Ba ta dube ni ba,
ni ma ban dube ta ba.
Na cinye, na suɗe.

Washegari na kai hannu ga taɓarya,
Shawai ta fizge: "Yau ni ke daka."
Shawai fa!
Wadda in an jawo turmi sai a neme ta da fitila.

Tsoho ya dawo daga La'asar
da magarya cike da aljihu,
ya raba wa yara ɗai-ɗai,
sauran wai ya manta su a bakin ƙofata.

Uwata tana Keita.
Ni ce ta fari, ba ta kama sunana.
Na kira, muka gaisa, muka yi zancen damina,
na buɗe baki, maganar ta tsaya a maƙoshi.
Shiru ya yi tsawo, kuɗin waya na tafiya.
Can ta ce, "Ke,
zan aiko da gero da cuku a motar Jumma'a.
Kada ki je ɗauka da kanki."
Kafin ta kashe na ji tana salati a ƙasan numfashi.

Saura mai abin.
Bayan Isha na zauna gindin bedi,
sau huɗu ina ɗaukar murya ina gogewa.
Ta biyar na ce:
"Takalmin nan da na ce ka sayo mini, bar shi.
Ƙafar za ta kumbura."

Bai aiko da amsa ba, kira ya yi.
Ina jin motoci, ina jin yaren da ban sani ba,
shi kuwa ya ce, "Baraka..."
ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya,
ya sake cewa, "Baraka..."
sai layi ya tsinke.

Na daɗe riƙe da wayar, tana da ɗumi.
Ni kaɗai ce a tsakar gida,
ni da akuyar da aka yi wa faɗa ba laifinta.
Daga bayan labule Inna Tabawa ta yi gyaran murya:

"Raɓa na sauka.
Ku shiga ɗaki."